Hoton fure kusa-kusa: a ina za a ɗora fokas?

Sabuwar Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masu ɗaukar furanni kusa-kusa. Duk sanda na matso da kyamara jikin furen wardi, wuri ɗaya tak ke fitowa fes, sauran duk dishi-dishi. In na kama tsakiya gefe ya tafi, in na kama kunnen furen da ke kusa da ni tsakiyar ta ɓace. Gilashin makiro ne, wato na ɗaukar abu kusa-kusa, mai milimita 100, kyamarar kuma mai cikakkiyar sansa, wato babban farantin da ke karɓar haske a cikinta. Na matse ƙofar haske har f/22 (in lambar ta ƙaru, ƙofar ƙanƙancewa take yi), wurin da ke fitowa ya ɗan ƙaru, amma sai hoton gaba ɗaya ya rasa kaifi. Daga gilashin ne ko daga hannuna?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, gilashinki lafiyarsa ƙalau, hannunki ma haka. Idan kika matso har girman abu a kan sansa ya yi daidai da girmansa na zahiri, wato abin da ake rubutawa 1:1, duk abin da zai shiga hotonki milimita 36 ne a kwance, 24 a tsaye. A wannan kusancin, in kin sa f/8, zurfin wurin da zai fito fes kamar milimita 1 ne. A f/16 ya kai kamar milimita 2. Furen wardi kuwa daga bakinsa zuwa cikinsa yakan kai santimita biyu ko uku. Kin ga babu lambar da za ki sa ta rufe wannan tazarar.

Rashin kaifin da kika gani a f/22 kuma dalilinsa daban. A 1:1 ƙofar tana aiki ne kamar an ninka lambarta biyu, f/22 ta koma kamar f/45. Haske in ya bi ta kafa ƙarama ainun bazuwa yake yi, sai kowane ɗigo ya faɗaɗa ya shiga na kusa da shi. Ga shi kuma hasken da ke isa sansa kashi ɗaya ne cikin huɗu na wanda zai isa da daga nesa kike ɗauka, dole kyamara ta daɗe a buɗe, motsi kaɗan ya shiga. Ki tsaya tsakanin f/8 da f/11 in kina kusa sosai.

Sabuwar Shiga:
Na gode Yaya. To ke nan ba yadda za a yi furen ya fito duka?

Tsohon Hannu:
'Yata, kafin a gaya miki yadda zai fito duka, ni tambayata ita ce: me ya sa kike son ya fito duka? Da kika tsaya gaban furen nan, wani abu ne ya tsayar da ke. Ko lanƙwasar kunne ɗaya ce, ko yadda launi ke yin duhu yana gangarawa ciki, ko garin da ke kan zaren tsakiya. Wannan abin shi ne hotonki. Sauran furen rakiya ya yo.

A hoton fili ko na gini, mutum zai iya tsara hotonsa tukuna sannan ya zo kan fokas. A nan ba a raba su. Tun da milimita ɗaya ko biyu kaɗai aka ba ki, inda kika ɗora su nan idon mai kallo zai sauka, ko kin so ko ba ki so ba. Ki ajiye tsakiyar fure a wuri mafi kyau cikin hoto, in dai kaifin ya faɗa kan wani ganye a kusurwa, ido can zai tafi ya zauna. Shi ya sa nake ce wa masu koyo su fara zaɓen wurin kaifi, su kafa shi, sannan su zagaya da kyamara su nemo inda sauran furen zai kwanta da kyau a kewayensa.

Ki riƙa ɗaukar wurin kaifin nan kamar takarda ce a tsaye gaban gilashi, fuskarta na kallon fuskar kyamara. Duk abin da ya taɓa takardar ya fito, wanda ya yi gaba ko baya ya narke. In kin gane wannan, za ki ga kusurwar da kika tsaya ta fi lambar f amfani. Fure mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, in kika daidaita bayan kyamara da fuskarsa, kusan duka zai fito ko a f/8. Shi dai wannan furen, in kika ɗauke shi ta gefe, layi ɗaya siriri za ki samu. Dukansu hoto ne, amma ki san wanda kike nema tun kafin ki danna.

Mai Tara Hotuna:
Baba, da girmamawa, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ta yi tambaya ne a kan yadda zai fito duka, kuma akwai hanya. Ana kafa kyamara a kan ƙafa-uku, a ɗauki hotuna da yawa, kowanne a tura fokas gaba kaɗan, sannan manhaja ta tsinci wurin da ya fito fes a kowane hoto ta haɗa su wuri guda. Helicon Focus da Zerene Stacker don wannan aikin aka yi su, Photoshop ma yana yi. Kyamarori da yawa yanzu da kansu suke tura fokas ɗin: Nikon ta sa wannan a D850 tun 2017, na Olympus kuwa akwai waɗanda ke haɗa hotunan a cikin kyamarar ma. A 1:1 da f/8, in ana matsawa kamar milimita 0.7 kowane ɗauka don su ɗan hau juna, fure mai zurfin santimita 2 zai ci hoto wajen 30.

Abin da ke damuna shi ne yadda dishi-dishi ya zama mafaka. Mutum ya kasa kama fokas, sai ya ce salo ne. Fure halitta ce mai tsari, jijiyoyin kunnensa da gashin da ke jikin kararsa duk abin kallo ne. Don me za a narkar da kashi tara cikin goma?

Tsohon Hannu:
Ɗana, a kan masu fakewa da salo ina tare da kai. Hoton da babu wuri ko ɗaya mai kaifi a cikinsa, ko kaifin ya faɗa inda ba a nufa ba, kuskure ne, kowane suna aka ba shi. Amma ka duba hotunan da aka haɗa ɗin nan da kyau. Da yawansu in na kalla idona ba ya samun wurin zama, komai na kira na lokaci guda da murya ɗaya. Sai furen ya rasa zurfinsa, ya zama a shimfiɗe, domin narkewar gaba da baya ita ce ke gaya wa ido cewa wannan na kusa, wancan na nesa.

Mai Karance-karance:
Wannan gardamar taku ta girme mu duka. A farkon ƙarni na 20 masu hoto da yawa a Turai da Amurka suna sassauta kaifi da gangan don hoto ya yi kama da zane. A 1932 wasu a Kalifoniya suka kafa ƙungiyar da suka kira f/64, cikinsu akwai Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham, suna cewa hoto ya fito da kaifinsa daga gaba har baya. Ita Cunningham tun 1925 ta ɗauki furen magnoliya kusa-kusa, hoton da har yau ake koyarwa da shi. A Jamus kuma Karl Blossfeldt, malamin makarantar fasaha a Berlin, ya yi shekaru yana ɗaukar tsirrai da kyamarar da ya haɗa da kansa, a gaban bango fari ko toka-toka wanda babu komai a jikinsa, don ɗalibansa su koyi siffa. An buga hotunan a 1928.

Abin lura a wurina shi ne, ko su masu son kaifi ɗin ba su bar ido ya yi yawo ba. Blossfeldt ya share bayan hoto tas, ya tsayar da tsiro ɗaya a tsakiya. Wato ya bar kaifi ko'ina, amma ya rage abin da ke cikin hoton har ya zama abu ɗaya ne za a kalla.

Mai Lissafi:
Malam, a ƙara da wannan kada wani ya ji f/64 ya je ya matse ƙofarsa har ƙarshe. Da yawansu da manyan kyamarori masu fim inci 8 da 10 suke aiki. A irin wannan girman, f/64 tana ba da zurfi kwatankwacin f/8 ko f/9 a cikakkiyar sansa ta yau.

Mai Tara Hotuna:
To ai maganar Malam ta goyi bayana. Ana iya samun kaifi duka kuma hoto ya tsaru.

Tsohon Hannu:
Ta goyi bayanka da sharaɗi. Wanda ya zaɓi kaifi ko'ina ya ajiye makami ɗaya, dole sauran su yi aiki ninki biyu: bayan hoto ya zama wayam, haske ya zo ta gefe ya fitar da tudu da kwari, siffar furen ita kanta ta ja ido. Kai kana yin haka, na ga ayyukanka. Amma mai koyo da aka miƙa wa manhaja tun bai san abin da yake son nunawa ba, zai haɗa hoto 30 ya samu fure mai kaifi da kara mai kaifi da busasshen ganye mai kaifi a kusurwa.

Uwar Lambu:
Ni ba gwanar kyamara ba ce, shuka nake yi, ina ɗaukar abin da na shuka. Duk wannan lissafin naku akwai wanda ba ku sa a ciki ba, ita ce iska. Fure a kan kararsa ba ya tsayawa cik. Ƙafa-uku kyamara take riƙewa, ba ta riƙe fure. Malam mai haɗa hotuna, ta yaya kake samun hoto 30 furen bai motsa ba?

Mai Tara Hotuna:
Hajiya, gaskiya yawanci a ɗaki nake yi, in yanko furen in sa a ruwa. A waje sai da sassafe kafin iska ta tashi, kuma in rage yawan hotunan.

Uwar Lambu:
To ka ga inda muka rabu. Furen da ka shuka ko ka saya, yanke abinka. Amma don Allah wanda ya tarar da fure a lambun wani ko a daji ya bar shi a kan kararsa. Na sha ganin an karya reshe ko an tsige ganyen da ke kewaye don a gyara bayan hoto. Ganyen da ya shigo maka, ka lanƙwasa shi a hankali ka riƙe da ɗan zare ko abin maƙala shanya, in ka gama ka sake shi. Karan da ke rawa kuma, ka kafa ɗan tsinke a ƙasa ka jingina shi can ƙasa da inda hoto zai kama.

Kuma furen da aka yanka yana canzawa. Wasu cikin mintuna kaɗan za ka ga kunnuwansu sun fara saki. Wasu kuma da lokacinsu suke buɗewa, kamar bado, in ka zo a makare ka tarar ya rufe. Wanda ya san shukarsa ya san ranar da furen ke kan ganiyarsa, kuma wannan ya fi kowane gilashi gyara hoto.

Mai Waya Kawai:
Mu da ba mu da babbar kyamara fa? Ni da waya nake ɗauka, kuma matsalata kishiyar ta Anti mai tambaya ce. Komai fitowa yake yi, har bango da tukunyar shukar da ƙafar wanda ke wucewa. In na sa yanayin da ke narkar da baya, sai ya cinye zaren tsakiyar furen.

Mai Lissafi:
Sansar waya ƙarama ce, shi ya sa zurfinka ya fi nata yawa. Narkarwar da wayar ke yi kuwa lissafi ne na manhaja, tana ƙiyasta inda abu ya ƙare, kuma siraran abubuwa irin zaren fure suna ruɗa ta. Kashe shi in kana ɗaukar fure.

Wayoyi da yawa in ka matso sosai suna komawa gilashi mai faɗin gani. iPhone 13 Pro da ya fito a 2021 haka yake yi, yana kama abu daga santimita 2. Amfaninsa kusanci, illarsa kuma yana kwaso duk abin da ke baya, ga inuwar wayar tana faɗawa kan furen. In wayarka na da gilashin jawo nesa, ja da baya ka yi amfani da shi, abin da zai shigo ta baya zai ragu sosai. Sannan ka danna yatsa ka riƙe a kan wurin da kake so har fokas ya kulle, kada wayar ta yi ta sauya ra'ayi.

Tsohon Hannu:
Ƙari a kan haka, kuma wannan na kowa ne, mai waya da mai kyamara: bayan hoto da ƙafa ake gyara shi. Ka zaɓi furen da ke da tazara tsakaninsa da abin da ke bayansa. Wanda ya jingina da bango ko ya nutse cikin ganye zai wahalar da kai, wanda ya miƙo shi kaɗai a bakin reshe ya riga ya yi maka rabin aiki. Ka durƙusa, ka matsa hagu kaɗan, ka matsa dama, kana kallon bayan ba furen ba. Taku ɗaya na iya mai da bayan daga tarkacen rassa zuwa inuwa mai duhu. Kuma ka kiyayi ɗigon haske mai ƙarfi a baya, domin ido yana zuwa wurin haske kafin ma ya je wurin kaifi. Kafin ka danna, bi gefuna huɗun nan da ido ɗaya bayan ɗaya.

Sabuwar Shiga:
Baba, a kan tsari kuma, an koya mana kada a sa abu a tsakiya, a raba hoto uku a ajiye shi kan layi. Haka ake yi da fure?

Tsohon Hannu:
Furen ne zai gaya miki. Wanda ke da siffar da'ira, kunnuwansa na fita daga cibiya ta kowane gefe, in kin fuskance shi kai tsaye tsakiya ce wurinsa, kuma sau da yawa hoto mai kusurwa huɗu daidai ya fi karɓarsa. Ki dubi tsakiyar sanfulawa: ƙananan furanni ne ɗaruruwa a jere cikin layuka masu murɗawa, wasu hagu wasu dama, sau da yawa 34 da 55. In kika ture wannan gefe don cika wata ƙa'ida, kin ɓata abin da ya sa ake kallonsa. Amma furen da kika ɗauka ta gefe yana da fuska, akwai inda yake kallo. Ki bar masa fili ta can, kada ya yi karo da bakin hoto. Kara kuma in ya shigo a karkace daga kusurwa ya fi rai a kan wanda ya tsaya sak a tsakiya.

Wani abu kuma, yanka. In za ki yanke kunnen fure da bakin hoto, ki yanke shi sosai yadda kowa zai san da niyya ne. Ɗan tsinin da ya ɓace kaɗan shi ke sa hoto ya zama kamar an yi gaggawa.

Mai Tara Hotuna:
A nan ba mu da saɓani. Sai dai ƙanwata, ga wata hanya tsaka-tsaki da nake bi a waje. Ba dole sai an haɗa furen duka ba. Ki buɗe ƙofa kamar f/4 don baya ya narke, ki ɗauki hoto biyar ko shida da za su rufe zaren tsakiya kaɗai, ki haɗa su. Tsakiyar ta fito cikakkiya, kunnuwa su narke a hankali, baya ya yi laushi. Ki dai duba wurin da zare ya gitta gaban kunnen fure, nan manhaja ke barin wani hazo a kewaye, sai an gyara da hannu.

Tsohon Hannu:
Wannan kam na karɓa, domin ka zaɓi abin da za ka nuna kafin ka kunna manhaja.

Mai Waya Kawai:
To in mutum ya ja da baya ya ɗauka, daga baya ya yanke hoton, ba zai sami zurfi ba?

Mai Lissafi:
Zai samu, amma ba kamar yadda ake zato ba. A 1:2, wato abu ya fito a rabin girmansa a kan sansa, da f/8 lissafi na ba da kamar milimita 3, a 1:4 kusan santimita 1. Sai dai in ka yanke hoton 1:2 ya koma rabi a tsaye da a kwance, ka faɗaɗa shi ya kai girman na farko, ka faɗaɗa dishi-dishin tare da shi. Milimita 3 ɗin nan sai ta dawo kamar ɗaya da rabi. Riba ce, amma 'yar kaɗan, kuma ka zubar da kashi uku cikin huɗu na ɗigogin sansarka.

Inda ja da baya ke da amfani na gaske shi ne in furen duka kake so. Wardi mai faɗin santimita 8 ba ya ma shiga hoto a 1:1, sai wajen 1:4, kuma a can f/8 ko f/11 sun ishe ka ka kama tsakiya da kunnuwan da ke kewaye da ita. Wani abu da ake yawan ruɗewa a kai: ƙa'idar nan ta cewa kashi ɗaya na zurfi yana gaba, biyu suna baya, ba ta aiki a kusa. A nan rabi gaba ne rabi baya. Kuma gilashi mai milimita 50 da mai 100, in girman abu a hoto ɗaya ne kuma lambar f ɗaya, zurfinsu kusan ɗaya ne. Bambancin shi ne mai 100 yana ba ka tazara daga furen, kuma yana kwaso baya kaɗan.

Sabuwar Shiga:
In ba ni da ƙafa-uku a tare da ni fa? Fokas na kyamara sai ya yi ta kai da komo.

Tsohon Hannu:
Kashe shi ki koma na hannu. Ki murɗa gilashin zuwa girman da kike so ki bar shi nan, ki manne gwiwar hannu a jiki, sannan ki riƙa matsawa da jikinki gaba da baya a hankali. Da wurin da kika zaɓa ya fito fes, ki danna, kuma ki ɗauki uku ko huɗu a jere domin numfashi kaɗai na iya fitar da ke daga milimita ɗaya. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa, in da iska ki ƙara, ko da za ki ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara. Ɗan ƙura-ƙuran ISO ana rage shi daga baya, motsi kuwa ba ya gyaruwa.

In babu abin da ya fi jan ki, ki ɗora kaifin a kan zaren tsakiya mafi kusa da ke, domin dishi-dishi a gaban hoto ya fi damun ido a kan na baya. In kuma ƙudan zuma ya sauka, magana ta canza, idonsa za ki kama, furen ya koma wurin zamansa.

Uwar Lambu:
Tun da ana maganar wardi, ni jan ne ke ba ni wahala. Ko fokas ya zauna daidai, sai kunnuwan su haɗe su zama ja ɗaya, babu jijiya babu lanƙwasa.

Mai Lissafi:
Hajiya, wannan ba daga fokas ba ne. Sansa tana auna ja da kore da shuɗi daban-daban, kuma jan fure a rana yakan cika ma'aunin ja ya tumbatsa alhali sauran biyun ba su kai ko'ina ba, sai kyamara ta ɗauka haske daidai yake. Ki rage haske da kashi ɗaya ko biyu cikin uku na mataki a ma'aunin hasken kyamara, ki kuma duba jadawalin haske mai nuna launuka ukun a rarrabe, in kyamararki na da shi. Fari kuwa akasin haka ne, kyamara kan mai da shi toka-toka, sai an ƙara masa kaɗan.

Uwar Lambu:
A waya ma ana iya ragewa?

Mai Lissafi:
Ana iyawa. Bayan kin kulle fokas, ki ja alamar ranar da ke gefe zuwa ƙasa har jijiyoyin su bayyana. In rana ta take, ki sa wani ya riƙe miki farin yadi marar kauri tsakanin rana da furen, ko ki jira gajimare ya rufe ta.